Ranar da Ya Yi Fure a Makka

Rusaifa, Makka
Shawwal, 1446

Safiyatu 'yar Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanki Ameer da iyalinsa. Mu nan ƙalau muke. Zafi ya fara kankama, amma ni ba na kuka da shi, tunda da shi nake ci. Yanzu otal biyar nake riƙe wa ɗakunan sanyi a Jarwal, ban da nawa na kaina a bayan warsha, wato shagon aikina. Na faɗa miki ne don ki sani, wanda kike kira bawanki yau mutum tara ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Matata Dalal tana gaishe ki.

Kin san ni ba mutumin biro ba ne, a aji uku na bar sakandare. Abin da ya sa na zauna na rubuta da hannuna shi ne ba kya ɗaga waya in dai lambar Saudiyya ce. Na san dalili. Ni na kira ki ranar da mijinki Malam Dawuda ya faɗi ya rasu bayan ɗawafi, da bakina kika ji. Shekara huɗu ke nan, ban ga laifinki ba. Dalal za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura wa Ameer, shi ya kai miki.

Maganar Inna ce. Ba ta kwance, amma ƙafa ta ƙi, ido ma ya yi rauni. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ce, "Safiya ce?" Jiya mai kawo gas ne, ƙato da gemu, ta ce masa ya matso ta ji hannunsa. Ita ta goye ki a Yakasai bayan rasuwar mahaifiyarki, ni da na fito daga cikinta ma ban sha bayanta kamar ke ba. Ki zo ta gan ki. Biza da tikiti da masauki duk a wuyana. Ba sai kin je inda ba kya son zuwa ba, ki sauka gidana kawai.

Ki ba ni amsa, kada ki yi mini irin shirun nan naku na 'yan boko.

Ɗan'uwanki,
Datti

*

Leeds, Ingila
Zulƙida, 1446

Bawana Datti,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na kuma ga har yanzu rubutunka kamar kaza ta bi ta kan toka. Muna lafiya, sai gwiwa. Ka gaishe da Dalal, ka durƙusa ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce ina mata addu'a kullum.

Mutum tara! To, ko ɗari ne, ɗan mace bawan ɗan namiji ne, ba ni na kafa ba.

Ina cikin hidima. Na sa gidan nan a kasuwa, ya yi mini girma, hawa bene kuma ya fara gagarata. Abin da ke ci mini rai lambun baya ne. Akwai wani tsiro da Malam ya dasa a bakin hanya shekarar da muka tare. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin mayafin uwargida, don ganyensa a tattare yake kamar bakin mayafi. Shi Malam mai-raɓa yake ce masa. Ba ya mutuwa, kowace shekara sai ya dawo. Da safe Malam yakan fita da kofin shayinsa ya tsaya a kansa kamar mai jiran a ba shi labari.

Na ɓallo saiwa guda, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na ba maƙwabcinmu Nasrullahi da zai zo aikin Hajji. Ka ba Gwaggo ta shafa ganyen ta ji laushinsa. Kwana kaɗan zai yi muku, don tsiron ƙasar sanyi ne, ko ranarmu ta nan in ta yi yawa ƙona shi take yi.

Zancen zuwa kuwa, Datti, ka bari tukuna. Ranar da mai-raɓa ya yi fure a Makka, ranar zan zo.

Uwargijiyarka,
Safiyatu

*

Rusaifa, Makka
Muharram, 1447

Safiyatu,

Bayan gaisuwa, barka da sabuwar shekara. Muna lafiya, Inna da sauƙi.

Saƙo ya iso, alkawari ma ya iso. Na karanta wa Inna layin ƙarshe sau biyu da ƙarfi a kunnenta. Ta ce, "To Datti, me kake jira?" Halas, magana ta ƙare.

Na kai ganye ɗaya wurin mai sayar da itatuwa a kan hanyar Jidda. Ya juya shi, ya ce Larabawa rijlul asad suke ce masa, wato ƙafar zaki, busasshensa kawai ya taɓa gani wurin masu magani. Ya ce, "Ya Hajji, ko a dutsen Ɗa'if da ƙyar, balle Makka." Na ce masa haka aka ce mini ranar da na sauka a garin nan da leda ɗaya a hannu. Sunan Larabawan ya fi dacewa da gidana, ƙafar zaki zan riƙa kiransa, ki riƙe mayafinki.

Ga abin da na yi. A kan sutuhu, wato rufin bene, gefen da rana ba ta duka sai da sassafe, na kafa rumfa da raga ninki biyu. Na ɗauko wani tsohon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai aiki da ruwa da wani otal ya yar, na canja masa inji, na saita shi yana busa rumfar dare da rana. Kasko na ƙasa na sa, ba roba ba, don roba dafa saiwa take yi. Dalal ta ce ita da ta haifa mini 'ya'ya ban taɓa yi mata rumfa ba. Na ce ita ba a ɗora zuwan kowa a kanta ba.

Sati na biyu bakin ganyen ya fara ƙonewa, farin gishiri ya fito a saman ƙasar. Na zauna na yi tunani irin na sana'ata. Ruwan tanka da muke saya yana da gishiri, shi ke toshe mana bututu. Amma ruwan da ke ɗiga daga bayan mukayyif na ɗaki, wanda duk Makka ake bari yana zuba a titi, daga iska yake fitowa, ba gishiri ko ƙwaya. Ai raɓa ce, Safiyatu, injin ne kawai ya tatso ta. Na haɗa bututun ɗakuna uku zuwa jarka. Da shi nake ba shi yanzu.

Ki zo ki ga ikon Allah. Sabon ganye shida. Suna fitowa a naɗe kamar mafici, su buɗe kamar ƙaramin faifai, da gashi-gashi mai laushi. Da asuba ruwa yakan jeru a bakin kowane ganye, ɗigo-ɗigo kamar an zuba tsakiya, ka girgiza su gangara ganyen bai jiƙe ba. Yanzu na gane abin da Malam yake tsayawa kallo, Allah ya jiƙansa.

Kullum bayan sallar asuba nakan sauko da kaskon in ɗora wa Inna a cinya. Ta lalubi ganyen, ta ce, "Ya yi furen?" In ce saura kaɗan.

Ki fara neman akwati.

Datti

*

Rusaifa, Makka
Rabi'ul Awwal, 1447

Safiyatu,

Ina gaisuwa. Wata biyu ke nan ba amsa. Ameer ya ce ya kai miki takarda hannu da hannu. In wani abu na faɗa da ya ɓata miki, wasa ne irin namu, kin san bakina.

Ba zan ɓoye miki ba, abubuwa biyu sun faru. Inna ta yi zazzaɓi mai nauyi, ta kwana uku a asibiti. Ta dawo gida, amma abinci sai an lallaɓa. Ranar da na kwana wurinta, bel ɗin mukayyif na rumfa ya tsinke ba wanda ya lura. Iskar Makka ta wuni tana dukan tsiron. Da na hau na tarar da ganyen duk sun kwanta kamar soyayyen zogale.

Na yanke busassun. Abin da ya rage dunƙule ne baƙi a tsakiyar kasko, da 'yan ganye biyu da ba su fi farce ba. Dalal ta ce in zubar in sayo wani fure mai kama da shi, wai Inna ba ta gani sosai. Na ce ni ban taɓa sa wa mutum tsohon kwamfiresa in ce masa sabo ne ba, ba zan fara a kan uwata ba.

Na daina sauko da kaskon. Ta daina tambayar fure. Ƙofa ma in an taɓa yanzu ba ta cewa komai, wannan ya fi damuna.

Ki yi magana, ko zagi ne.

Datti

*

Leeds, Ingila
Rabi'ul Akhir, 1447

Datti,

Ka yafe mini. Yaya jikin Gwaggo? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni lafiyata ƙalau, na tare a sabon wuri, ɗaki biyu a ƙasa kusa da su Ameer.

Ba fushi na yi ba, kunya ce. Datti, wasa nake yi. Irin maganar nan ce ta sai ranar da kaza ta yi haƙori. Ban zaci za ka karanta wa Gwaggo ba, ban zaci za ka hau bene ka kafa rumfa ba. Da na ga takardarka na rasa ta inda zan fara. Ina son ganinta fiye da yadda kake tsammani. Amma duk lokacin da na tuna filin jirgin Jidda, inda na raka Malam da ido a waya yana dariya da haraminsa, sai in ajiye maganar tafiyar.

Waɗanda suka sayi gidan sun tone lambun, sun zuba siminti don ajiye mota. Na wuce na gani da idona. Ban ɗebi ko saiwa ɗaya ba, don a nan ba ni da ƙasa. Wato dunƙulen da ke kaskonka shi ne ya rage daga hannun Malam.

Kada ka zubar, wataƙila bai mutu ba. A nan ma haka yake yi duk shekara: ganye ya bushe, ya kwanta a ƙarƙashin ƙanƙara wata biyu ko uku kamar babu shi, sannan ya farka. Malam yakan ce sai ya sha sanyi ya ƙoshi yake fure, shekarar da sanyi ya yi ƙaranci furen ma kaɗan ne. Ka ga ke nan ba laifinka ba ne. Ka yi abin da ba wanda zai yi. Amma Makka ba ta da irin wannan sanyin, kuma ba wanda zai iya kawo mata shi. Ka huta, ka daina wahalar da kanka.

Safiyatu

*

Rusaifa, Makka
Sha'aban, 1447

Safiyatu 'yar Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Inna ta samu sauƙi, har tana shan kunun gyaɗa da kanta. Na yi shiru wata huɗu da gangan, ki ɗanɗana abin da kika ba ni.

Wasa ko ba wasa ba, wannan tsakaninki da Inna ne, ni an riga an karanta. Amma layi ɗaya a takardarki ya hana ni sukuni. Wai ba wanda zai iya kawo wa Makka sanyi. Ni kike gaya wa? Shekara talatin me nake sayarwa a garin nan, gyaɗa? Da tun farko kin ce sanyi yake so ya sha, ai da ba a kai haka ba.

Ranar da takardar ta zo na sa kaskon a mota na kai warsha. Ban jefa shi cikin sanyi kai tsaye ba, ko injin ba a yi masa haka. Na fara ajiye shi a ɗakin gaba inda ake sauke kaya, sannan ɗakin kayan lambu, ina rage awo kaɗan-kaɗan, har ya kai sanyin da ruwa ke gab da daskarewa amma bai daskare ba. Na ba shi wuri a kan kanta tsakanin kwalayen tuffa da man shanu na wani otal. Na rubuta da Larabci da Hausa: wanda ya taɓa, a bakin aikinsa. Mai otal ɗin ya zo duba kayansa, ya ga kaskon ƙasa da baƙin dunƙule, ya kira ni da sunan da suke kirana a nan, ya ce, "Ya Abu Rakan, wannan kuma na wane baƙo ne?" Na ce baƙo ne daga Ingila, barci yake yi, ya rage murya.

Duk Juma'a nakan shiga da rigar sanyi in ɗiga masa ruwa kaɗan don kada saiwar ta bushe. Sau ɗaya wuta ta ɗauke, na tayar da janareta saboda shi, tuffar mutane ta ci albarkacinsa.

Da Rajab ya kama, lokacin da garin nan ke ɗan sassautawa, na fito da shi kamar yadda na shigar, mataki-mataki, na mai da shi rumfa. Na sa bel sabo, na ajiye wani a gefe. Safiyatu, ko sati biyu ba a yi ba ya farka. Yanzu ya cika kaskon ya zubo, ganye ya fi na da faɗi, ba na iya ƙirgawa. Dalal da ta ce a zubar, ita ke hawa da ƙawayenta tana cewa namu ne. Inna ta koma tambayarta ta kullum.

Abu ɗaya ya rage, shi ya sa na rubuto. Maimakon fure, sai ya fitar da wasu siraran sanduna, kansu da wani bununi kamar na gero, tsanwa-tsanwa mai ruwan ɗorawa, ba kyau ba ƙamshi. Sun yi yawa, kuma na san irin wannan shi ke shanye ƙarfin shuka. Ranar Juma'a bayan sallah zan sa almakashi in share su duka don furen gaske ya samu hanya. Ga hoto nan Dalal ta haɗa. Ki gaya mini, furen ja ne ko fari, kuma girmansa ya kai na wardi? Ina son in san abin da nake jira.

Datti mai sanyi

*

Rusaifa, Makka
Ranar Juma'a

Safiyatu,

Na san ɗazu muka yi magana, amma kuka ya hana ki ji, ni kuma ihunki ya hana ni faɗa. Bari in rubuta.

Almakashin yana hannuna, wallahi, na riga na kama sanda ta farko. Waya ta yi ƙara a aljihu, na ga lambar Ingila, na ce Ameer ne. Sai na ji, "Kai bawan Allah, kada ka yanke! Shi ne furen!" Ko sallama babu. Shekara biyar rabon da in ji muryar nan, kuma da zagi ta dawo. Na gode wa Allah da Ameer bai bari sai ranar Asabar ya kai miki takardar ba.

To ni ina zan sani? Mutum ya yi wata tara yana hidima, ya ƙona man janareta, a ce wannan bununin shi ne ladan. Amma da na ajiye waya na tsuguna na duba da kyau. Ashe kowane ɗigo fure ne da kansa, ƙanana kamar ƙwayar gero, kowanne da siffar tauraro, ɗaruruwa a kan sanda ɗaya. Na janye maganata ta rashin kyau.

Kin ji abin da Inna ta ce da na kanga mata wayar a kunne? Ba ki ji ba, kina ta "Gwaggo, Gwaggo". Cewa ta yi, "Safiya, ya yi. Sai ke." Bayan kin kashe ta sa Dalal ta buɗe akwatinta ta fito da turaren da take ɓoyo, wai a turara ɗakin baƙi tun yau.

Kin ce farkon azumi. Na riƙe. Ba a filin jirgi za ki tsaya ke kaɗai ba, ina bakin ƙofar fita tun kafin ki sauka, kuma ba zan bar bakina ya huta ba har mu shigo Rusaifa, ba za ki samu sararin tunani ba. Aikin bawa ne, na yarda, na wannan karon kawai.

Ki rubuta a inda kuke rubuta tarihi: ya yi fure a Makka, a kan rufin Datti.

Datti

*

Rusaifa, Makka
Shawwal, 1447

Safiyatu 'yar Kawu,

Assalamu alaikum. Ameer ya ce kin sauka lafiya, alhamdu lillahi. Yaya gajiya, yaya gwiwa? Muna lafiya. Kin manta carbinki da takalmin ɗaki, Inna ta ce kada a aiko, wanda ya bar kaya zai dawo.

Tun tafiyarki take ba kowa labari. Mai gas ya zo, ta tsare shi ta gaya masa yadda kika yi mata tsifa da kitso, da yadda kuka sha ruwa a faranti ɗaya wata guda cur. In an taɓa ƙofa yanzu cewa take yi, "Ku shigo, Safiya ta koma, sai baɗi." Kin ji, ta riga ta yanka miki.

Ranar da na kai ki bakin katangar maƙabartar da aka binne Malam na koma mota na bar ki, ba don rashin tausayi ba ne. Na ga ba ki buƙatar surutuna a wurin. Da kika dawo kika ce in kai ki Harami, na san an gama. Ban faɗa a lokacin ba, yanzu na faɗa.

Sai maganar aiki. Saiwar da na ɓallo miki daga gefen da ya fi ƙarfi ce, da ido uku a jikinta. Ki ce wa Ameer ya ba ki gefen lambunsa da rana ba ta duka da tsakar rana. Kada ki binne kan dunƙulen, ki bar shi daidai da fuskar ƙasa. Ruwan sama ya ishe shi, naku ba sai an tatso daga injin ba. In furen ya bushe ki yanke shi daga tushe, sabon ganye zai fito. Na san a lambunki ya shekara ashirin, amma ke kallo kika yi, ni na raine shi.

Mai sayar da itatuwa na hanyar Jidda ya zo har gida ya hau bene. Ya duba tsiron ciki da waje, sannan ya tambaya ko zan sayar masa da saiwa. Na ce ba ta sayarwa ba ce, ta Malam Dawuda ce, kuma an riga an aika wa Ingila rabonta.

Nawa zai koma ɗakin sanyi bayan Hajji, na riga na ware masa kanta. Ke kuma in naki ya ƙi fure a can, kada ki ji kunya. Ki naɗo shi a tsumma ki kawo shi Makka da kanki, mu ba shi sanyi.

Ɗan'uwanki,
Datti